Yadda Hita Ta Samu Goyo

Dalilin da ya sa kuke ganin hitar ruwan wanka da ɗan ƙaramin tanki maƙale a gefenta, ku matso ku ji. Kai Sagiru, sakar min famfon nan.

A da can Hita ita kaɗai take zaune a bangon banɗaki. Jikar Randa ce, ta gado son baƙi wurin kakarta, sai dai kunya ta yi mata yawa. Baƙonta na kullum Ruwa ne. Shi kuwa da ya ji ɗumi sai ya kumbura ya hau miƙa. In wuri ya yi masa kaɗan, yakan ja da baya ta bututun da ya shigo.

Ana nan sai maigida ya sa wa bututun wata ƙofa mai buɗewa ciki kawai. Ruwa ya shigo, ya ji ɗumi, ya kumbura, ya juya ya tarar da ƙofa gam. Sai ya hau tokarin cikin Hita.

Ya ce, "Uwar ɗakina, ko na matse ki?"

Ta ce, "Haba, ina! Saki jikinka, nan gidanku ne."

Baiwar Allah, har tausayi take ba ni. Haƙarƙarinta na ƙara, hawaye na ɗiga ɗis, ɗis, saura kaɗan ta fashe, amma ta gwammace haka da ta ce wa baƙo ya yi yawa.

Randa ta jiyo ɗigar daga tsakar gida. "Ke 'yar nan, kukan me kike?"

"Kaka, gumi ne."

"Gumin gidanku! Ni da na tsufa ina saukar Ruwa, kin taɓa ganin an cika ni an toshe bakina?"

Nan take tsohuwa ta yi yaji, ta ce wa maigida ba zai ƙara kurɓar ruwan sanyi ba sai ya duba jikarta. Da ƙishi ya ishe shi, ya kira mai gyaran famfo, aka ɗaura wa Hita ɗan tanki mai iska a ciki. Ruwa ya kumbura, ya jingina can kamar a kan matashin kai, sai ya ji Hita ta yi ajiyar zuciya.

Kunya ta kama shi. "Ashe duk ciwo nake ji miki?"

Ta ce, "Ni dai ban ce ba."

Shi ya sa har yau duk gidan da bututunsa ke da ƙofar nan, sai an yi wa Hita goyo. In kuwa kun ga tana ɗiga, kada ku tsaya tambayarta, ba za ta faɗa ba. Ku ruga ku kira babanku.