Katantanwar Bahago

Ku matso kusa, kowa ya kama bakinsa har in dasa aya. Ga ta nan gare ku, amma ba ta Gizo ba ce, ba kuma ta dariya ba. In na gama, ku ne alƙalai.

A Tudun Kaba an yi wata tsohuwa, Inna Yalwa. Mijinta Gambo masassaƙi ne, ya rasu tun autarsu tana goye. Ya bar mata namiji guda, Sallau, da mata uku: Ladidi, Kuluwa da Tabawa. Da yake Sallau ɗan fari ne, Inna Yalwa ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko da su biyu ne a ɗaki. Haka aka rene mu, kuma ba mu mutu ba.

Sallau yana da shekara ashirin ya tafi cin rani kudu, shiru. Shekara ashirin da biyu Inna Yalwa tana kwashe tuwo ta ware malmala guda ta rufe da faifai, da safe ta ɗumama ta miƙa wa maƙwabta. 'Yan matan duk suka yi aure suka watse garuruwa, malmalar nan ba ta fasa ba.

Ran nan wani direban babbar mota ɗan garin ya ga Sallau yana dako a wata tasha a bakin kogi. Da tabon haɓarsa ya gane shi. Mutanen tashar suka ce motar da ta kawo shi ce ta kife tun shekarun baya, ya farfaɗo bai san sunansa ba, bai san garinsu ba. Direba ya lallaɓo shi har gida.

To, gida dai ya zo, amma bai dawo ba. Zaure ya zauna kamar baƙo. In uwarsa ta kai masa abinci sai ya durƙusa da ladabi ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Allah ya saka da alheri." Ita kuwa sai ta koma ɗaki ta zauna bakin gado. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi ya shaƙa, duk a banza. Bayan kwana uku ya tari direban ya ce, "Mutanen nan suna da kirki, amma na baro aikina. In za ka tashi Juma'ar sama, da ni."

Inna Yalwa ta aika aka kira 'ya'yanta mata. Ta ce, "Kwana goma sha biyu suka rage. Ni ba gona nake so ya nome mini ba, ba sutura nake nema ba. Sau ɗaya tak nake so yaron nan ya ce mini Inna, in ji da kunnena kafin a rufe ni."

Sannan ta gaya musu abin da ta tuna. Lokacin Sallau yana ƙarami, mai rigima ne na gaske, abu ɗaya ke sa shi shiru: katantanwar da ubansa ya yi masa. Ba irin ta ƙoƙon dodon koɗi da ake murzawa da yatsa ba. Wannan da ƙodagon goriba aka yi ta, an ƙwaƙule cikinta, an soke ta da tsinke, an yanka mata baki a gefe. In aka naɗa zare aka fizga, sai ta tsaya da ƙafa ɗaya ta kama kuka, wani irin kuka mai zurfi kamar kurciya a cikin rijiya. Duk garin ba mai irinta. Amma mai yin ta yana kabari, ita kanta gara ta cinye ta tuntuni, idon Inna Yalwa ya yi hazo, hannunta yana rawa.

Ladidi, mai bi wa Sallau, ita ta san goribar da ubansu ke tsinka, can a kufai, tafiyar yini guda. Da ciwon gwiwarta ta je ta ciko kwando. Ƙodago kuwa da wuya ka sami wanda ba shi da doro, don haka ta kankare su ɗaya bayan ɗaya tana mirgina su a daɓe. Uku kaɗai suka tafi sak ba su karkace ba. Biyu suka tsage wajen huji. Na ukun ta bi shi da basilla tana gasawa a garwashi, ta huda sama da ƙasa, ta riƙa tsakuro ƙwayar ciki kaɗan-kaɗan, kwana huɗu, har yatsunta suka yi bororo. Da ta zo yanka bakin, ba da ido ta auna ba. Tana yarinya takan cusa ɗan yatsanta a bakin waccan katantanwa har uban ya maƙe mata hannu, yatsan bai manta ba: a jirkice yake, leɓe ɗaya mai kaifi, ɗaya a kwance. Haka ta yanka. Ta hura, abu ya amsa, Inna Yalwa ta dafe ƙirji. Amma da aka soka tsinke aka murza, sai ya yi tangaɗi kamar ɗan akuya sabon haihuwa, ya faɗi.

Kuluwa mai kaɗin zare ce, tun tana shekara bakwai take murza mazari. Kallo ɗaya ta yi ta ce, "Yaya, kin yi baki kin manta gindi. Duk abin da ke juyi, nauyinsa ƙasa yake so." Ta shiga kayanta ta ɗauko mazarinta, wanda ta gada wurin kakarsu, wanda gululunsa, dunƙulen yumɓun gindinsa, ya yi santsi don tsufa. Da shi take ci, da shi take sha, ta gwada goma a kasuwa ba ta sami mai tsayuwarsa ba. Ta sa wuƙa ta datse shi. Mazarin da aka datse kuwa ya gama kaɗi har abada. Ta zura guntun cikin ƙodagon, gululun yana ƙasa. Duk da haka yana ɗan karkarwa. Sai ta murza shi ta kanga alli kusa da jikinsa, gefen da ya shafi allin ta san nan ya rinjaya, ta kankare, ta liƙa ɗigon kakin zuma a ɗaya gefen. Kwana biyu tana wannan aiki ba ta ɗaga kai ba. Daga ƙarshe katantanwa ta tsaya cak tana juyi, ka rantse kafa ta aka yi a ƙasa. Wannan shi ake kira barci. Barcin dai ta yi, amma bebiya ce, don yatsa ba ya ba ta gudun da za ta yi kuka.

Tabawa auta ba ta taɓa ganin katantanwar ba, ba ta ma san fuskar ubanta ba. Ita ta ɗauki aikin zare. Na rama ya tsinke, na auduga zalla ya riƙa miƙewa yana cinye ƙarfin fizga. Sai ta tsage kaba siri-siri ta haɗa da auduga, ta tufke riɓi uku a cinyarta har fata ta saɓule, ta goge shi da kaki. Ta feƙe ɗan itace ta huda shi, ya zama mariƙi, don zaren ya bi ta ciki ya fita sumul. Aka naɗa aka fizga. Katantanwa ta ruga kamar guguwa, amma huci kawai take, ba kuka. Ladidi ta gwada, Kuluwa ta gwada, ita Tabawa ta gwada. Haka Alhamis ta ƙare.

Juma'a da hantsi direba ya danna ƙaho a bakin kasuwa. Sallau ya ƙulle kayansa ya leƙo ya yi sallama. Inna Yalwa ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

Tabawa tana tsugune, idonta ya faɗa kan gizagon ubansu da ke rataye a bango. Ƙotar ta lotsa wurin babban yatsa, amma ba ta gefen da aka saba ba.

Ta ce, "Inna, Baba da wane hannu yake sassaƙa?"

Tsohuwa ta kau da kai. Maganar da ba a yi a gidan ke nan. Can ta ce, "Bahago ne. Sai me?"

Tabawa ita ma bahaguwa aka haife ta. Dukan muciya ne ya raba ta da hagun, a hannun wannan uwa, har ta yi shekara ashirin da biyar ba ta miƙa shi a gabanta ba. Ta warware zaren, ta naɗa shi ta baibai, ta riƙe mariƙin da dama. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri," ta fizga da hagu.

Ashe duk kwanakin nan leɓen da ke kwance ne yake gaba, iska tana zamewa. Yanzu mai kaifin ya sari iska. Katantanwa ta tsaya tsakar gida ta ɗauki kuka.

Sallau ya riga ya sa ƙafa ɗaya waje. Ya tsaya. Ƙullin kayan ya sulale daga kafaɗarsa. Ya dawo a hankali, ƙaton mutum da furfura a gemu, ya durƙusa ya shimfiɗa tafinsa a ƙasa, ya raba yatsu biyu ya ɗauke ta tana kan juyi, yadda ba wanda ya koya masa a gidan nan sai mutum ɗaya. Ta ci gaba da kuka a tafinsa har ta gaji ta kwanta. Ya ɗago ya dubi tsohuwar.

"Inna, Baba ya dawo ne?"

Inna Yalwa ba ta yi kururuwa ba, ba ta rungume shi ba, ba ta kuma kama sunansa ba. Ta ja gefen zani ta share ido ta ce, "Bai dawo ba. Kai ka dawo. Tashi ka wanke hannu, tuwonka yana nan."

Mota ta tashi ba da shi ba. Ba komai ya tuna ba, wasu shekarun sun tafi ke nan, amma ya san uwarsa, kuma da hannunsa ya sa ta a kabari bayan damina biyu.

Da aka zo rabon kayanta, ba wadda ta kalli awaki ko tasoshi. Katantanwar kowace take so, don ita kaɗai ce muryar ubansu da ta rage a duniya, ga shi kowace garinta daban. Sallau ya ce, "Ni na ji abin da zan ji. Ku ba da ita ga wadda ta dawo da ni."

Ladidi ta ce ba don bakin da ta yanka ba, da me za ta yi kukan? Kuluwa ta ce abin da bai tsaya ba ai ba ya kuka, kuma ita ce ta yanka mazarin da take ci da shi. Tabawa ta ce kwana nawa katantanwar tana tsaye da bakinta, bebiya, sai da hannun da aka doke ya taɓa ta.

Kada wani ya ce mini a raba. In ka raba, ƙodago ne da guntun itace da zare, ko akuya ba za ta kalle su ba. Kada kuma a ce mini a riƙa zagayawa da ita, wannan amsar rago ce.

To, ku faɗa mini: tsakanin mai baki, da mai ƙafa, da mai hagu, wace ce ta dawo da Sallau gida, har ta cancanci tafiya da katantanwar?