Kura Mai Zaman Tsakiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na nan!

Wani mahauci ne, kullum in ya gama fawa sai ya wurga ƙashi ta kan katanga. Wata rana gabas, wata rana yamma. Shi kansa bai san inda zai faɗa ba.

Kura, yunwa ta ishe ta, ta tambayi Dila, "Malam, yau ina zai faɗo?"

Dila ya ce, "Allah masani, Yaya Kura. Rabi gabas yake zuwa, rabi yamma. Zaɓi ɗaya, kya dace wata rana."

Kura ta ce, "Rabi? Da wannan cikin nawa? Rabi nan, rabi can, ai tsakiya ke nan! Can zan kwanta in haɗa duka."

Ta kwanta, baki buɗe. Ƙashi ya wuce gabas, Dila ya ɗauke. Kashegari yamma, Dila ya ɗauke.

Ashe a tsakiyar nan matar mahauci ke watsa ruwan zafi. Ta sheƙo shi, shaaa!

Kura na birgima tana ihu, "Malam, ka gani? Romon ya iso, ƙashin na hanya!"

Ƙurunƙus kan ɓera. Wanda bai yarda ba, tsakiya na nan, ya je ya kwanta.