Yadda Furanni Uku Suka Tsere wa Bunsuru

Ku matso, yara. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Iya!

A da can, furannin daji duk a fadama ɗaya suke zaune. Zuma tana zuwa tana ɗibar ruwansu, kowa na jin daɗi. Sai ga Bunsuru. Ya ci ja, ya ci fari, ya ci rawaya, har saura uku: Bado, Kauci da Tumfafiya.

Zuma ta je wurin Kurege tana kuka. "Malam Kurege, in waɗannan suka ƙare, ni ma tawa ta ƙare."

Kurege ya ce, "Share hawayenki."

Ya iske Bunsuru ya buɗe baki kan Bado. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai gemu! Babba kamarka ya ci Bado ba wanki?"

Bunsuru ya shafa gemu. "To, a wanke."

Kurege ya miƙa wa Kwaɗo Bado. Kwaɗo ya yi tsundum, sai tsakiyar tafki. Bado ya baje ganye ya ce, "Kai, sanyi! Na samu gida." Bunsuru kuwa ba ya shiga ruwa.

Ya juya kan Kauci. Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗanye ne, sai an shanya."

"To, a shanya."

Tsuntsu ya ɗauke shi fir, sai ƙolin kaɗanya. Kauci ya rungume reshe ya ce, "Na samu gida."

Kafin Bunsuru ya sauke kai, Kurege ya ɗura wa Tumfafiya ruwan maɗaci.

Bunsuru ya ce, "Wannan ba wanki, ba shanya!" Ya kai cizo. Farin ruwa mai ɗaci ya cika masa baki. Ya zuba da gudu yana "Mee! Mee!"

Tumfafiya ta yi ta dariya har ƙwallonta ya fashe. Iska ta kwashi 'ya'yanta, ta watsa su a fako da kufai. Zuma ta hau rawa, Kwaɗo na kiɗa.

Shi ya sa Bado ke cikin ruwa, Kauci ke bisa itace, Tumfafiya ke tsaye a busasshen wuri. In kun ga fure a daji, ku bar shi a gidansa ya yi iri.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Kowa ya tashi ya kaɗe rigarsa.