Akuyar da Ta Koya wa Dagaci Tauna

Akwai wani mutum, ba zan kama sunansa ba, ya san kansa, wanda ke zuba abinci a cikinsa kamar mai cika buhu, in ciki ya murɗa ya ce aikin maƙiya ne. Maƙiyan nan ba su da sana'a sai hanjinka? Saboda shi na ɗauko wannan labari.

A garin Kwalkwada an yi wani dagaci, Gwadabe. Al'adar gidansu ba a ganin muƙamuƙin mai sarauta yana motsi, wai tauna a gaban talakawa zubar da girma ce. Shi kuwa a zaure yake cin abinci, fadawa na kallo. Don haka tsoka, gyaɗa, dafaffiyar masara, duk haɗiyewa yake yi kamar ƙwayar magani. Ciki ya kumbura, wuya ya rame. Boka ya duba ya ce jifa ce, maganinta ɗanyar hantar baƙar akuya.

Aka jawo wata tsohuwar akuya zaure, mahauci yana wasa wuƙa, ita kuwa tana ta tuƙa abinta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, hantar tawa taunawa za ka yi ko haɗiya?"

Dagaci ya ce, "Haɗiya mana. Na yi miki kama da talaka?"

Ta ce, "To, za a yi asarar akuya. Kafin wuƙa ta yi kaifi, ji abin da ya faru a cikin wani falke mai suna Barmo."

Ya ce, "Faɗi, amma ki gajarta."

Akuya ta ce: Barmo mutum ne mai gaggawa, a tafe yake ci, bai yarda haƙori ya ɓata masa lokaci ba. Ran nan Tumbinsa ya ga tsoka ta faɗo masa sukutum, ya leƙa ƙasa ya ce wa Ƙaramin Hanji, "Ɗan'uwa, na gaji. Aikina in zuba ruwa mai tsami in dama abinci ya zama kunu. An ce a sama akwai haƙora masu niƙa da yawu mai jiƙawa. Ko sun yi ƙaura ne ba a gaya mini ba?"

Hanji ya ce, "Suna nan, yaya, ana nuna su wajen dariya. Ni ne abin tausayi. Hanta ta aiko mini ruwan ɗaci don in narkar da kitse, bangona kuma cike da 'yan tsirai kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Amma kunu suke iya sha, ba sa cizo. Bari in ba ka labarin wata Ƙwayar Masara da ta taɓa ratsa ni."

Tumbi ya ce, "Ina ji, ai wannan tsokar ba yau za ta narke ba."

Hanji ya ce, "Ta shigo da rigarta ko ƙwarzane babu. Na ce, 'Baiwar Allah, tuɓe ki ba mu abin da kika kawo.' Ta ce, 'Wanda ya aiko ni bai fasa ni ba, kai wane ne?' Ta wuce wurin Babban Hanji, wanda aikinsa tsotse ruwa, shi ma ta hana shi ko ɗigo. Da safe ta fita bayan gari yadda ta shigo, kaza ta tsince ta. Ka ga, Barmo ya sha wahalar haɗiya, kaza ta yi ƙiba."

Akuya ta dubi dagaci ta ce, "Haka Barmo ya yi ta ciyar da kajin mutane yana ramewa. Ranka ya daɗe, na lura kajin bayan gidanka sun fi na kowa maiƙo a garin nan."

Wani bafade ya tari numfashinta: "Ƙarya kike yi, dabba! Cikin mai girma ba irin na falke ba ne."

Ta ce, "Gaskiyarka, baba. Na falke ba a yi masa kirari in ya yi ƙugi."

Dagaci ya shafa cikinsa. Can ya ce, "To al'adar kakannina fa?"

Akuya ta ce, "Cewa suka yi kada a gani, ba su ce kada a yi ba. Amawalin rawanin nan da ke rufe baki, ado kawai aka naɗa maka shi?"

Dagaci ya ɗebi masara ya watsa a baki, ya ja amawali har hanci. Zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙurus-ƙurus, fadawa duk suka ga wani abin sha'awa a rufin ɗaki. Da ya haɗiye ya ce, "Ashe masara tana da zaƙi."

Akuya ta ce, "Yawu ne ya fito da shi. Tun kana yaro yake jiran a ba shi aiki."

Dagaci ya ce wa mahauci, "Mai da wuƙarka kube. Na karɓi maganarta. A kwance ta, a ba ta dusa."

Kai kuma mai karatu da ke dariyar dagaci, lomar da ka kai baki ɗazu, niƙa ta ka yi ko jefa ta? Ka ce niƙawa, in ka isa. Tumbinka yana jin ka.