Kwamfuta Mai Ɗaki Uku da Jirgin Sarkin Ruwa

Ga wata nan da ɗuminta. Ku gyara zama, mai goro ya tauna a hankali, don a ƙarshenta akwai gardama.

A Tungar Bauna, wani gari na bakin kogi, an yi wani dattijo, Sarkin Ruwa Nomau. Shekararsa sittin a kan ruwa. Ya san inda kada ke shan rana, ya san ramin da giwan ruwa ke ɓuya, in ya tsoma yatsa a kogi ya lasa sai ya gaya maka ko an yi ruwan sama a can gaba. Abu ɗaya ne a duniya ya tsaya masa a rai ya ƙi wucewa, shi ne kwamfutar gidan rediyon garin.

Gidan rediyon nan ɗaki ɗaya ne da dogon ƙarfe a kansa, sunansa Muryar Gaɓa. Ma'aikata uku ne, kwamfuta ɗaya, tsohuwa, in tana aiki tana gurnani kamar akuyar da ta ƙoshi da dusa. Akwai Hakilu mai gyara, mutum ne da ba ya dariya sai ranar salla. Akwai Kulu mai karanta labarai da sanarwa. Sai kuma Arzika mai sa waƙoƙi da talla, wanda in ka ga ya yi maka murmushi, to maza ka laluba aljihunka.

Da farko kullum faɗa suke yi. Kulu ta buɗe labaranta, Arzika ya zo ya rufe mata, in kuma abu ɗaya ya daskare a fuskar kwamfutar, shi ke nan rediyo ya yi shiru. Sai Hakilu ya zauna mako guda cur, ya raba cikin kwamfutar gida uku. Gilashi ɗaya ne, allon dannawa ɗaya, amma a ciki kowa da ɗakinsa, da hotonsa, da kayan aikinsa a shimfiɗe. In ka fita ɗakinka aka shiga na wani, naka yana nan yadda ka bar shi, bai san ma ka fita ba. Ɗakin da ke kan gilashi a lokacin, shi ne muryarsa ke fita a rediyo.

Wata rana Nomau ya zo cigiyar komarsa ta kamun kifi da ta ɓata. Yana tsaye sai ya ga Hakilu ya cire hula ya rufe hannunsa da ita a kan allon dannawa. Ƙiftawar ido, waƙoƙin Arzika suka ɓace, takardun Kulu suka bayyana.

Dattijo ya ja da baya. Ya ce, "Kai yaro, ina wancan ya tafi?"

Hakilu ya ce, "Yana nan, Sarki. Ɗaki kawai muka sauya."

Nomau ya zagaya bayan akwatin, ya durƙusa, ya leƙa ta ƙananan hudojin da iska ke fita. Bai ga bango ba, bai ga ƙofa ba, sai ƙura da gawar gizo-gizo. Akwatin da bai kai kwandon kifi ba, wai ɗaki uku! Ya miƙe yana tasbihi. Har ya fita ya manta da cigiyar komar.

Ita hular da Hakilu ke rufe hannu da ita kuwa, saboda Arzika ce. Hakilu ya ce in Arzika ya san hanyar shiga ɗakunan mutane, garin nan ba zai zaunu ba. Don haka shi kaɗai ke sauya wa kowa ɗaki in lokacin aikinsa ya yi. Ya kuma cire wa ɗakin Arzika damar buɗe makirufo, tun ranar da ya sanar wa duniya cewa wanzamin gari zai yi aski kyauta ranar Juma'a, mutum saba'in suka yi layi a ƙofar bawan Allah.

To, Arzika bai yi musu ba. Ya samo garin rogo mai laushi, ya busa shi siriri a kan allon dannawa. Hakilu ya zo ya yi abinsa a ƙarƙashin hula ya tafi. Arzika ya sunkuya ya duba, sai ga maɓalli uku fes, babu gari a kansu: biyu a ƙasa ta hagu, ɗaya a layin can sama. Ya haddace, ya yi shiru da bakinsa.

Ita kuma Kulu nata daban ne. Hakilu ya sa wa kowane ɗaki kwaɗo, wato kalmar sirri, sai ta ce a cire nata. Ya ce ba a yin haka. Ta ce, "Malam Hakilu, ni kwaɗo ɗaya na sani, na bakin kogi. A gidanmu ba a kulle ɗaki da rana tsaka alhali 'yan'uwa na tsakar gida. In na kulle, na ce muku ɓarayi ke nan. Kai ɓarawo ne?" Suka yi kwana uku suna ja. Ta ce ko a cire ko ta bar aikin. Ya cire yana ƙunƙuni.

Ana nan, kaka ta yi. Wata Alhamis da hantsi, Hakilu ya sa Arzika a ɗakinsa na waƙoƙi, ya hau mota zuwa birni sayo batir. Mutum talatin da huɗu kuma sun haye tsibiri yankan shinkafa tun da sassafe, cikinsu har da Kulu da ta je taya mahaifiyarta, da Inna Tumba, matar Sarkin Ruwa, wadda suke tare shekara arba'in da ɗaya.

Sai wayar Nomau ta yi ƙara. Masu kula da madatsar ruwa ta can sama ne. Suka ce ruwa ya fi ƙarfin madatsa, dole suka buɗe ƙofofi, zai iso Tungar Bauna kafin azahar, a kwashe kowa daga ƙasa-ƙasa.

Nomau ya dubi rana, ya dubi kogi. Ya san tsibirin nan kamar tafin hannunsa, ruwa kaɗan ke shanye shi. Waya ba ta kamawa a can. Jirgi mai inji ya tafi kasuwa. In za a tuƙa da hannu ne zuwa tsibirin, sai an yi awa uku, ruwa kuwa ba zai ba da awa biyu ba. Su mutanen suna da jiragensu, rabin awa ya ishe su su kai tudun ƙetare, in dai sun ji. Abin da ke kai musu magana ɗaya ne, rediyon da suke ratayewa a reshe suna yanka suna saurare.

Tsoho ya kwasa da gudu, babu takalmi, jama'a na bin sa. Ya faɗa gidan rediyo ya tarar da Arzika na gumi. Kwamfuta ta daskare. Ɗan abin nan da ake ja da hannu, wanda suke kira ɓera, ya daina aiki. Tallar sabulu ta maƙale a wuri ɗaya, sai maimaitawa take, "ku zo ku saya, ku zo ku saya, ku zo ku saya," abin da ke fita duk faɗin kogi ke nan.

Wani ta taga ya ce, "A kashe a kunna mana!"

Arzika ya ce, "In na kashe ta, ba ta tashi sai da kalmar Hakilu. Na kira shi sau tara, yana hanya, ba ta shiga. Ko da ma ba ta daskare ba, ɗakina ba makirufo."

Nomau ya dafa bango. Ya juya ga mutanen da ke taga, ya ce, "Ku shaida. Wallahi duk wanda ya sa muryata ta haye ruwan nan, jirgina Sha-Tafiya nasa ne." Sha-Tafiya mahaifinsa ne ya sassaƙa shi daga gungumen maɗaci guda, babu haɗi, babu ƙusa, kuma duk kogin babu irinsa.

Arzika ya sosa ƙeya. Ya ce, "Baba Sarki, in na yi wani abu yanzu, za a yafe mini abin da ya wuce?"

"Ɗan nema, yi mana!"

Arzika ya ɗora yatsu biyu a ƙasa ta hagu, ya kai na uku layin sama ya danna. Gilashi ya yi baƙi. Tallar sabulu ta ɗauke ɗif. Sai ga ɗakin Hakilu ya fito, a kulle, yana tambayar kalma. Arzika ya matsa yatsa gaba ya sake dannawa. Gilashi ya sake yin baƙi, numfashi ɗaya, biyu, sai ga ɗakin Kulu a buɗe wangamgam. Takardunta a jere, makirufo a shirye, ɗan koren haske na ƙiftawa yana jiran mai magana. A bangon ɗakin kuma ga hoton wata akuya da ɗaurin ɗankwali, wanda Kulu ta yi wata biyu tana neman wanda ke liƙa mata shi.

A ganin Nomau, ɗaki ya ƙone ƙurmus, na kusa da shi ko hayaƙi bai shiga ba, duk a cikin akwati ɗaya! Arzika ya tura masa kujera, amma tsoho ya tsaya cak, ya kawar da kai gefe.

"Salamu alaikum."

Arzika ya ce, "Baba, ba kowa a ciki!"

"Ɗakin matar aure ne. Salamu alaikum. Salamu alaikum." Ya yi ukun a jere da sauri, sa'an nan ya zauna ya kama makirufo da hannu biyu kamar mai riƙe da filafilin tuƙa jirgi.

"Mutanen tsibiri, Nomau ne. Ruwa na tafe, babba. Ku ajiye lauje, ku bar dami, ku shiga jirgi ku nufi tudun ƙetare, kada ku biyo ta gida. Tsofaffi a fara sa su. Tumba, ki bar tukunyar nan, na san ki, ki bar ta!" Ya faɗa ya sake faɗa, har sau goma sha, har muryarsa ta dushe. Ba shi da hanyar sanin ko an ji.

Daga nan ya koma gaɓa ya tsaya. Kafin ladan ya kira azahar kogi ya sauya launi, ya yi ja, ya taho da itatuwa da tushensu, da rufin bukkoki, yana wani ruri da ko shi Nomau bai taɓa jin irinsa ba. Mutane suka yi ta salati. Can nesa, inda tsibiri yake, babu komai sai kan bishiyoyi biyu.

Sai bayan la'asar wata motar itace ta shigo gari ta hanyar gada, cike da mutane jiƙe da laka. Nomau ya tsaya a bayanta yana ƙirga masu saukowa da yatsa. Talatin da biyu, talatin da uku. Ta ƙarshe Inna Tumba ce, rungume da tukunyarta.

Ta ce, "Malam, da muka ji, cewa muka yi Arzika ne ke kwaikwayonka. Sai da ka ambaci tukunya na ce a'a, wannan nawa ne, ku tashi."

Tsoho ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannun riga.

Washegari aka jawo Sha-Tafiya gaɓa, aka kira Hakilu da Arzika da Kulu. A nan ne Nomau ya gane abin da bakinsa ya jawo masa. Cewa ya yi "wanda", bai ce "waɗanda" ba, ga rantsuwa, ga shaidu. Jirgi kuwa in ka raba shi uku, itacen girki ka samu.

Masu goyon bayan Hakilu suka ce shi ya gina ɗakunan. Da kwamfutar tana nan yadda take a da, da ta daskare gaba ɗaya, babu inda za a gudu, babu ƙofar da za a tarar a buɗe. Amma wasu suka ce ai shi ya ɓoye hanya a ƙarƙashin hula ya tafi birni da ita, saura kaɗan hularsa ta ci mutum talatin da huɗu.

Masu goyon bayan Arzika suka ce shi kaɗai ke wurin, yatsunsa ne suka buɗe hanya, ya kuma tona wa kansa asiri a gaban jama'a don a tsira. Da bai san maɓallan nan uku ba, da ɗakunan na nan lafiya lau, amma ba mai shiga. Wasu suka ce satar sani ya yi da garin rogo, kuma ba don ceton rai ya koya ba, don liƙa hoton akuya ne. Wanzami ya fi kowa ɗaga murya a nan.

Masu goyon bayan Kulu suka ce Arzika ya shiga ɗakin Hakilu ya tarar da kwaɗo, da nata ma haka yake, da an tsaya nan ana kallon gilashi har ruwa ya wuce. Ita ta kafe kwana uku, har ta ce za ta bar aikinta, don ta ƙi kiran abokan aikinta ɓarayi. Wasu suka ce ai ba ta ma san ana yi ba, tana tsibiri da lauje, kuma an riga an biya ta tunda da ranta ta dawo.

Nomau ya dubi Hakilu, ya dubi Arzika, ya dubi Kulu. Ya shafa gefen jirgin mahaifinsa. Duk wanda ya cire a cikin ukun, sai ya ga Tumba a ƙarƙashin ruwa.

To, ku da kuka ji, rantsuwa na wuyan dattijo, jirgi ɗaya ne. Wanda ya gina ɗakuna, ko wanda ya saci hanyar shiga, ko wadda ta ƙi kulle ƙofa, wa za a miƙa wa Sha-Tafiya?