Manomin da Aka Hana Shi Tashi

Akwai wani manomi da ciwon daji ya kama. Ranar da aka sallame shi daga asibiti, likita ya ce wa matarsa, "Mama, ki bar shi ya riƙa takawa kowace safiya gwargwadon ƙarfinsa. Maganin yana gajiyarwa, amma yawan kwanciya zai ƙara masa gajiya."

Matar kuwa tana ƙaunarsa ƙwarai. Ta ce a ranta, mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a gona, yanzu ma ba za a bar shi ya huta ba? Duk sa'ad da ya yunƙura sai ta ce, "Kwanta, Baban Rifkatu. Me zan kawo maka?" Shi kuma ya koma ya kwanta, don kada ya ɓata mata rai. Ƙafafunsa suka rame, abinci ya fita ransa, ya zama ba ya magana sai kallon bango.

Ana nan sai yayansa, wanda ya rene shi, ya kwanta ciwon ajali a ƙarshen unguwa, ya aiko a kira shi. Manomin ya miƙe, amma bai kai bakin ƙofa ba gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa. Kafin a samo abin hawa, suka ji kuka ya tashi daga can.

Matar ta durƙusa kusa da shi, hawaye suna zuba. Ya ce mata a hankali, "Ba nisa fa. Nan da can ne."

Kashegari ta ba shi kafaɗarta. Suka taka zuwa zaure, daga baya har gindin ɗorawa. Sannu a hankali ya soma neman tuwo, barci ya dawo masa, jikinsa ya ƙara jure magani. Ciwon bai rabu da shi ba. Amma da ƙafarsa ya je kabarin yayansa, ya tsaya ya yi addu'a. Bayan girbi Ubangiji ya kira shi gida.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Jiki kyautar Allah ne, ko yana ciwo yana bukatar motsi. Matar nan mu ne, masu jinya, da tsoronmu yakan kwantar da wanda muke ƙauna fiye da yadda ciwo ya kwantar da shi. In kuna da marar lafiya a gida, ku tambayi likita abin da zai iya. Sa'an nan ku riƙe hannunsa ku fita tare, tun ƙafafunsa suna iya ɗaukarsa.