Maƙerin da Ya Ajiye Mari

An yi wani mutum a wani gari, can da, maƙeri ne, sunansa Nomau. Abin ya fara ne wata Laraba da hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zuba, gari ya yi zafi, kowa na fifita.

Ku saurara. Ban da fartanya da gatari, Nomau ne ke ƙera mari, ƙarfen da ake sa wa mai taɓin hankali a ƙafa. Iyali su zo a ɓoye, ya bi su gida ya buga, ya kama bakinsa. Bai taɓa tambayar kowa komai ba.

Ran nan sai ga wata tsohuwa, Tabawa, da ƙannenta biyu, sun riƙo ɗanta Shekarau da igiya. Masaƙi ne, magidanci, ciwon ya same shi har matarsa ta koma gidansu. Nomau ya durƙusa zai gwada ƙafa, sai Shekarau ya ce, "Baba, kada ka matse. Da ita nake taka saƙa."

Hannun Nomau ya tsaya. Ya ce, "Wai me ke damunsa ne?"

Ƙanen farko ya ce aljanu. Na biyu ya ce sammu ne, ya ma san wanda ya yi. Suka kama gardama.

Nomau ya ce, "Inna, ya taɓa dukan wani?"

Ta ce, "Bai taɓa ba. Tafiya yake yi. Ni kuma ko rijiya ba na iya zuwa. Ni kaɗai ce a garin nan da wannan jarrabawa."

To, nan kan Nomau ya ɗaure. Ita kaɗai? Shi ya san gidajen. Da hannunsa ya buga musu ƙarfe, kowane gida kuma haka suke ce masa, mu kaɗai ne. In ya faɗa, ya ci amana. In ya yi shiru, ga tsohuwa tana neman faɗuwa don gajiya. Wanne ne daidai? Bai sani ba. Jama'a, bai sani ba.

Ya ce, "Bar min shi zuwa la'asar. Ki je ki kwanta."

Ya kwance igiyar, ya zaunar da Shekarau gefen zugazugi. Washegari ya fara bin gidajen nan. Ba ya kiran sunan kowa. Sai ya ce, "Akwai wani gida irin naku. Kun yarda in haɗa ku?" Wasu suka yi kuka suka yarda. Wani maigida ya ce, "Kai muka ba asirinmu, shi ne kake yawo da shi? Fita." Maigidan ya bi gari yana cewa maƙeri ba ya riƙe magana, manoma da yawa suka kai aikinsu wani ƙauye.

Waɗanda suka yarda suka riƙa taruwa bayan rumfarsa. Wata mata, Ladingo, wadda mijinta ke ɗaure da mari, ta ce su yi karɓa-karɓa: yau wannan ta kula da biyu, waccan ta samu ta yi daka, ta yi barci. In an ji labarin mai magani, su tafi tare.

Sai wata rana da hantsi, Shekarau na zaune gefen zugazugi kamar yadda ya saba, ya firgita, ya ture wuta, rumfa ta kama. Nomau ya jawo shi waje, hannunsa na dama ya ƙone.

Ƙannen Tabawa suka zo da gudu. Babban ya ce, "Ka gani? Mai tausayi. Yanzu sai ka buga masa, ko sai ya ƙone garin?"

Nomau ya dubi toka, ya dubi Shekarau yana cewa, "Baba, ni ne? Ni na yi?" Nomau ya ce wa ƙannen, "Wallahi ban san ko daidai na yi ba. Wataƙila kuskure ne zaunar da shi kusa da wuta. Amma in na buga masa yau, fushina zan buga."

Ladingo ta matso ta kama hannun Shekarau. Ta ce, "Ai yau dama kwanana ne. A gidana babu wuta sai ta murhu, ita ma ina kanta. Taso, Malam, mu je."

Ba a ɗaure shi ba. Ya warke? Wata rana ya yi saƙa, wata rana ba ya gane uwarsa. Haka aka ci gaba.

'Yan'uwa, abin da nake so ku riƙe shi ne: ba sai ka gane ciwon mutum ba kafin ka taimaki masu jinyarsa. A layinku akwai gidan da ake rufe ɗaki in baƙo ya shigo. Kada ku tona musu, kada kuma ku wuce. Ku nemi izini, ku raka su asibiti, ku haɗa su da ƙungiyoyin iyalai irinsu, ku karɓe su wuni guda. Kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana da asara. Nomau ya rasa rumfarsa, da zugazuginsa, da rabin masu kawo masa aiki, da yatsu biyu da ba su sake lanƙwasuwa ba.